Shawarwarin Masu Rainon Bishiyar Wolemi a Kwalba

A wata hira ta masu rainon tsiro a kwalba, wato masu sa ɗan yankan bishiya cikin kwalba mai abincin tsiro har ya yi saiwa, an fi tsayawa kan bishiyar Wolemi, wadda aka gano a 1994 cikin wani kwazazzabo a Ostareliya, manyanta a daji ba su kai ɗari ba. An ce a yanko daga ɗanyen toho, don tsohon reshe da ƙyar yake saiwa. Kuma a zaɓi kan da ya miƙe sama. Reshen gefe ko ya kama, a kwance yake tafiya. Tsabta kuwa dole ce, fumfuna kaɗan ta isa ta lalata kwalba. In yankan ya fara baƙi, a zuba gawayi a abincinsa. Inda na fi jin tsoro shi ne fitar da tsiron daga kwalba: sai sannu a hankali, cikin danshi da inuwa.