Neman shawara: furojet ɗina kan bakteriya masu cin ɗanyen mai a teku mai sanyi

Ɗaliba: Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Ina ajin ƙarshe a maikurobayoloji, sufabaiza ɗina ya ba ni batu kan yadda bakteriya ke cinye ɗanyen mai in ya malala a teku mai sanyi, ni kuma kaina ya ɗaure, sanyi ba kashe su yake ba? Kuma ya zan yi gwaji a lab alhali mu nan ko tekun ba mu da shi balle ƙanƙara?

Wani lakcara: Wa alaikissalam. Sanyi ba ya kashe su 'yata, akwai ma waɗanda sanyin suka fi so, kamar Oleispira antarctica da aka samo a ruwan Antatika. Matsalar a wajen man take, in ya ji sanyi sai ya yi kauri kamar man shanu a hunturu, ba ya bajewa, su kuma daga bakin ɗigon mai suke ci, to in ya dunƙule ina za su kama? Sannan mai galibi kabon ne da haidurojin, su kuma suna buƙatar naitirojin da fosfaras, ruwan teku kuma ba shi da su da yawa. Shi ya sa bayan jirgin Exxon Valdez ya zubar da galan kusan miliyan 11 a Alaska a 1989, taki aka riƙa zubawa a gaɓar tekun don bakteriyan wurin su samu ƙarfi. Ya yi aiki a saman duwatsu, amma man da ya nutse ƙarƙashin tsakuwa inda iska ba ta shiga ya yi shekaru da dama yana nan.

Wata mai digiri na biyu: Ƙanwata ki ƙara da malalar mai ta rijiyar Deepwater Horizon ta 2010 a Tekun Meziko. Can ƙasa fiye da mita 1,000 ruwan bai fi digiri 5 ba, amma bakteriyan Colwellia da Cycloclasticus sun yawaita sosai saboda man ya tarwatse ƙanana ƙanana. Kuma ba duka suke cinyewa lokaci ɗaya ba, sassa masu sauƙi suke farawa da su, mai kama da kwalta kusan ba sa taɓa shi.

Ɗaliba: Na gode Malam, na gode Yaya. To gwajin fa?

Wata mai digiri na biyu: Firji mana! Ki ɗebo ƙasa daga garejin makanikai inda baƙin mai ya jiƙa ta, ki raino bakteriyan da ke cikinta a Bushnell-Haas, wato ruwan sinadaran raino, da ɗanyen mai kaɗai a matsayin abinci, wasu kwalabe a firji wasu a ɗaki, wasu ki sa taki wasu kar ki sa. Amma ki rubuta ƙarara cewa bakteriyan ƙasa ne ba na teku ba, kar a kama ki ranar difens.

Wani lakcara: Ki bar kwalba ɗaya ba bakteriya ko kaɗan, don wani man da kansa yake tashi ya bi iska. Kuma ki nemi firji mai sola, in wuta na ɗaukewa sakamakonki ya lalace.