Georgetown, Notre Dame ko Villanova: wacce ta dace da 'yata?

Baban Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata ta fari tana ajin ƙarshe na sakandare a nan Amurka, kuma jami'o'i ukun da ranta ya fi kwantawa da su duk na cocin Katolika ne: Georgetown, Notre Dame da Villanova. Injiniyanci take son karantawa, ko da yake wani lokacin sai ta ce diflomasiyya ma tana burge ta. Makinta yana da kyau, amma ba ita ce ta ɗaya a aji ba. Mu Musulmi ne, tana sa hijabi. Mahaifiyarta ta ce a bi wadda ta fi suna kawai, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Shin za ta samu shiga? In ta samu, za ta sake a wurin? Don Allah wanda ya san kan abin ya ba ni shawara.

Malama Mai Shawara:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a zo maganar suna, ku zauna da yarinyar ta tsayar da abin da take so, domin Georgetown ba ta da tsangayar injiniyanci. Ƙarfinta yana wajen siyasa, shari'a da hulɗar ƙasashe. A birnin Washington take, tun 1789, kuma makarantarta ta harkokin waje da aka buɗe a 1919 ita Bill Clinton ya gama a 1968. In injiniyanci ne da gaske, to zance ya koma kan Notre Dame da Villanova.

Batun shiga kuwa, kada a yaudari kai. A 'yan shekarun nan Notre Dame da Georgetown, cikin mutum goma da suka nema, da ƙyar ake ɗaukar ɗaya ko sama da haka kaɗan. Yara masu maki cikakke ma ana mayar da su. Villanova ta fi sauƙi, kusan ɗaya cikin huɗu, amma ita ma ba a shiga da tabbas. Ku ƙara Marquette da ke Milwaukee cikin jerin. Tana da injiniyanci, kuma tana ɗaukar mafi yawan masu nema.

Ɗan Coci:
Baba, ni ɗan Katolika ne, bari in taɓa tambayarka ta biyu, don ita ce ta fi muhimmanci a ganina. Jami'o'in nan ba hali ɗaya gare su ba. Georgetown ta limaman Jesuit ce, wato wata ƙungiyar limaman Katolika, kuma addinin bai cika fitowa fili a rayuwar yau da kullum ba. Tun 1999 ta ɗauki limamin Musulmi na dindindin, kuma akwai masallaci a cikin harabar, mai sunan Yarrow Mamout, wani Musulmi da aka kawo bauta daga Afirka ta Yamma, ya samu 'yanci, ya zauna a unguwar Georgetown har rasuwarsa a 1823.

Notre Dame, da ke jihar Indiana, daban take. Kusan kashi 80 cikin 100 na ɗalibanta 'yan Katolika ne, kowane gidan kwanan ɗalibai yana da ɗakin ibada, kuma dole ne ɗalibi ya zauna a cikin makaranta shekara uku. Ba a tilasta wa kowa zuwa coci. Amma ga abin da nake ganin zai yi maka daɗi: gidajen kwanan maza daban, na mata daban, kuma akwai ƙayyadadden lokacin ziyara da dare. Iyaye Musulmi da dama wannan tsarin ya fi kwanta musu a rai, duk da cewa 'yarsu za ta kasance cikin 'yan tsiraru. Villanova ta limaman Augustine ce, kusa da Philadelphia. Can Fafaroma Leo na 14 ya karanta lissafi, ya gama a 1977. Duk ukun sai ta ɗauki darussan ilimin addini da falsafa kafin ta gama, ta san da wannan tun yanzu.

Hajiya Uwar Biyu:
Yaya, ku duba kuɗi da wuri. Karatu da abinci da wurin kwana sun haura dala dubu 80 a shekara. Kowace jami'a tana da shafin lissafin tallafi a intanet, ku saka abin da kuke samu ku ga ainihin abin da za ku biya.

Baban Yara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta mata jawabanku, ta ce injiniyancin dai take so, don haka mun ajiye Georgetown, duk da masallacin nan ya taɓa min zuciya. Za mu je Indiana da Philadelphia mu gani da idonmu, kuma na ce mata ta nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta kowace makaranta, ta tambayi 'yan matan yadda suke yin sallar Juma'a da buɗa baki a watan azumi. Malama, neman shiga na wuri da ake rufewa farkon Nuwamba, kina ganin ta yi shi ko ta jira na Janairu?