Muhawara: Shin fim ɗin 2005 ya ci amanar Pride and Prejudice?

Malamin Adabi: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, cikin finafinan da aka ɗauko daga littafin Pride and Prejudice na marubuciyar Ingila Jane Austen, wanda ya fito a 1813, na BBC na 1995 ne kaɗai ya riƙe amana. Littafin babi 61 ne. BBC ta ba shi kashi shida, sama da awa biyar. Darakta Joe Wright kuwa a 2005 ya cusa shi cikin awa biyu da 'yan mintuna, dole ya zubar da Mista Hurst da matarsa da Maria Lucas, Wickham kuma, mayaudarin labarin, ya zama ɗan leƙe. Idan mai kallo bai zauna da Wickham har ya yarda da shi ba, yaya zai gane abin da ya ruɗi Elizabeth Bennet, jarumar labarin?

Mai Tace Fim: Wa alaikumussalam. Malam, na yarda da maganar Wickham, amma tsawo ba shi ne amana ba. Fitowar da aka fi sanin na 1995 da ita, inda Colin Firth, wanda ya fito a matsayin Darcy, jarumin labarin, ya faɗa tafki ya fito da jiƙaƙƙiyar riga, babu ta a littafin, marubucin shirin, Andrew Davies, ne ya ƙirƙiro ta. Wannan ma da sauƙi. Babbar ɓarnar ita ce an nuna Darcy yana bin lungunan Landan yana cigiyar Wickham da Lydia, ƙanwar Elizabeth da ta gudu da shi. A littafin, sai da Lydia ta yi suɓul da baka, sannan wasiƙar Misis Gardiner, matar kawun Elizabeth, ta zo a babi na 52, kafin mu san abin da Darcy ya yi. Davies ya fasa ƙwan da wuri, mai kallo ya riga Elizabeth sani.

Hajiya Mai Laburare: Ku biyun kuna ƙirga fitowa, ni kuɗin nake ƙirgawa. Longbourn, gidan su Elizabeth, yana kawo fam 2,000 a shekara, amma an ɗaure gadonsa a kan namiji, don haka ranar da Mista Bennet ya rasu, ɗan'uwansa Mista Collins ne zai karɓe gidan. Rabon Elizabeth fam 1,000 ne kacal, wanda zai riƙa ba ta fam 40 a shekara. Darcy yana samun 10,000. Mu da muka saba da rabon gado na Musulunci, inda 'ya'ya mata biyar za su ɗauki biyu bisa uku, matar ta ɗauki tumuninta, sai an yi mana bayanin wannan dalla-dalla kafin mu gane cewa Misis Bennet tsoron rasa matsuguni take yi. Na 1995 ya mai da ita mai kwarmato kawai. Brenda Blethyn a 2005 ta nuna uwa ce mai fargaba.

Malamin Adabi: Hajiya, to ai nan ne Wright ya yi tuntuɓe. Ya cika gidan da taɓo da kaji, har alade yana ratsawa ta ciki. Mai fam 2,000 a shekara ba talaka ba ne, yana da mai dafa abinci da keken doki. Talaucin yana gaba, bai iso ba tukuna, kuma wannan jiran shi ne zuciyar labarin.

Mai Tace Fim: Wannan gaskiya ne, sai dai kyamara ba ta iya ɗaukar abin da bai faru ba. Matsalar duk mai juya littafin nan zuwa fim ita ce muryar mai ba da labari, wadda ke yabo a baki tana zolaya a ciki. Hanya uku ake bi: a sa maganar a bakin wani, a karanta ta a bayan hoto, ko a mai da ita abin gani. Davies ya sa jimlar farko ta littafin a bakin Elizabeth. Fim ɗin 2005 ya sa Charlotte, ƙawar Elizabeth da ta yarda ta auri Collins, ta faɗi da kanta cewa shekarunta 27, ba kuɗi, ba manemi, alhali a littafin mai ba da labari ne ya bayyana dalilinta. Inda kowa ke shan wuya shi ne babi na 36: Elizabeth ita kaɗai a kan hanya tana maimaita karanta wasiƙar Darcy, tana auna kowace jimla har ta gane ita ce mai kuskure. Babu mai magana da ita.

Hajiya Mai Laburare: In cin amana kuke nema, ku koma 1940, fim ɗin Greer Garson da Laurence Olivier. An cire wa Collins rigar limamin coci aka mai da shi mai kula da laburare, Lady Catherine, 'yar'uwar mahaifiyar Darcy, kuma wai gwada Elizabeth take yi don ta taimaki Darcy. Wannan ya rushe ma'anar ƙarshen. Ku kwatanta da Bride and Prejudice na Gurinder Chadha a 2004: an kai labarin Amritsar, 'yan matan sun koma huɗu, ga rawa da waƙa, babu batun gado. Amma an maye gurbinsa da kwaɗayin auren mazaunin Amurka, matsin da ke kan uwar ya tsaya yadda yake. Haka littafin Longbourn na Jo Baker a 2013, da ya koma ɗakin wanki ya tambayi wa zai wanke taɓon da Elizabeth ta kwaso a tafiyar mil uku zuwa Netherfield.

Malamin Adabi: Na janye kalmar "kaɗai", tunda kun kama ni da tafkin. Amma ban yafe wa Wright ɗauke neman auren farko da Darcy ya yi wa Elizabeth daga falon gidan Collins zuwa cikin ruwan sama ba, har suka kusa sumbatar juna. A babi na 34 Elizabeth ba ta da ko ƙwayar zarra ta son mutumin nan. In akwai mai ganin akasin haka, ya kawo mana layin.