"Gani ya kori ji": har da ganin da ake yi a waya?

Ɗan Rijiyar Lemo:
Assalamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure a majalisarmu ta wajen mai shayi daren jiya, har muka watse ba wanda ya sauka daga kan bakansa. Bayan isha'i wani yaro ya miƙo waya, ga bidiyo: wuta tana lashe rumfuna, hayaƙi ya turnuƙe, an rubuta a ƙasa wai kasuwar da ƙanena yake da shago ce. Wani dattijo da ba ya rabuwa da rediyonsa ya ce a dakata tukuna, shi bai ji a labarai ba. Yaron ya ce, "Haba Baba, ai gani ya kori ji." Ƙanena ko shayinsa bai kurɓa ba, ya ɗauki shatar adaidaita sahu. Yana isa ya tarar da masu gadi sun baje tabarma suna hira, ko ashana ba a ƙyasta ba. Ashe wata tsohuwar gobara ce ta wani gari. To, yaron ne ya karkatar da karin maganar, ko ita ce zamani ya wuce?

Malam Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Karin maganar tana nan daram, yaron ne ya ajiye ta a inda ba mazauninta ba. Ganin da magabata suke nufi shi ne wanda ƙafarka ta kai ka. Shi ya sa muke da ganau da jiyau. A zamanin fatauci, wanda ya bi ayari ya je Gwanja sayen goro ya ga kasuwar Salaga da idonsa, in yana magana wanda aka ba labari a zaure sai ya kama bakinsa. Yaron nan kuwa ina ya je? Yana kan benci. Wani ne ya ɗauka, wani ya yanke, wani ya rubuta sunan kasuwa a ƙasa, wani ya turo. Wannan ai ji ne aka sa masa riga. Kuma ku lura, wutar gaskiya ce, ba a nan ƙaryar take ba. Rubutun ƙasan ne ƙarya, shi kuwa rubutun ba gani ba ne, faɗa maka aka yi.

Maman Ilham:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma kada a yi mana kuɗin goro. Ni atamfa da leshi nake sarowa a Kantin Kwari ina sayarwa ta WhatsApp. Ina da kwastomomi a Abuja da Yamai, har da wata hajiya a unguwar Nima ta Ankara, babban birnin Gana, da ban taɓa ganinta ido da ido ba. Da can sai in yi ta kwatance, "ja ne amma ba ja sosai ba", a kai kaya a ce ba shi ba ne. Yanzu kiran bidiyo nake yi daga cikin shagon, in warware turmi, in fito da shi rana, in juya bayansa. Ita da bakinta take cewa, "To Maman Ilham, gani ya kori ji, yanko min biyu." Ku ce min ita ma ta yi kuskure?

Malam Bazazzagi:
A'a Hajiya, ba ta yi ba. Amma ai ta san ki, ta san muryarki, tana iya cewa "matso da shi" ki matso. Idonki ta ara, kuma ta san mai idon. Shi yaron bai ma san idon wa ya ara ba.

Tsohon Direba:
Ni abin da ya ɓata min rai raina rediyo da aka yi. Tun 1957 BBC take magana da Hausa, ta Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, ga Rediyon Kaduna da muka tashi da shi, ga Freedom da ta zo Kano a 2003. Shekara talatin ina kan hanyar Kano zuwa Legas, kunnena ne idona. Ba na cewa ba sa kuskure, suna yi. Sai dai mai rediyo yana da suna, yana da gida, gobe ma za ka same shi a wannan mitar, in ya yi ƙarya a san wanda za a zaga. Ji iri-iri ne, yarana. Akwai ji, akwai ji-ta-ji-ta. Kun manta watan Agusta na 2014, lokacin Ebola? Da tsakar dare wayoyi suka yi ta ƙara, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Uwargidana ta tashe mu kafin asuba da bokiti, gishirin miyar wata guda ya tafi a dare ɗaya. Mu mun tsira da ƙaiƙayi, wasu kuwa asibiti aka kwashe su, har an rasa rayuka. Da gari ya waye, a rediyo muka ji likitoci suna cewa a daina.

Ɗan Birni 044:
Baba, da girmanka, ai ka ba mu hujja da kanka. Maganar gishiri ji ce, ba wanda ya ga komai. Ga abin da ji yake jawowa. Kuma a watan Maris na 2025 da Muryar Amurka ta yi tsit sai kiɗa, a ina aka fara sanin dalili? A waya.

Bamaraɗe:
Mu a nan Nijar lamarin ya ɗan bambanta. Tun da aka dakatar da RFI, rediyon Faransa, a watan Agusta na 2023, tsofaffi da yawa sun koma kan salula, amma ba kallo suke ba, saƙon murya suke saurare, tunda ba kowa ke karatun boko ba. Sai ka ji murya ba suna ba gari, ta fara da "jama'a ku yaɗa saboda Allah". Kawuna in ka ce masa wa ya faɗa, sai ya ce "a salula aka faɗa", yadda dā yake cewa "a rediyo aka faɗa". Darajar rediyo ce ya kwashe ya ɗora wa abin da bai gaje ta ba.

Goggon Yara:
Ni dai ina ganin akwai karin maganar da ta fi dacewa, kuma 'yar Kano ce: hangen Dala ba shiga birni ba. Abin da muke yi a waya hange ne. Ka hango dutse daga nesa, ba ka san wace ƙofa a buɗe take ba.

Ɗan Birni 044:
Goggo, wannan ba a nan ake kawo ta ba. Ana faɗar ta ne ga mai murna tun bai kai ga abu ba, kamar ɗan takarar da ya ga taro ya ɗauka ya ci zaɓe. Ba ruwanta da gaskiyar labari.

Goggon Yara:
Ɗana, wa ya ɗaure ta a turke ɗaya? Matafiyin da ya hango Dala bai yi ƙarya ba, Dalar ce ya gani. Kuskurensa ɗauka da ya yi ya iso. Yaron mai bidiyo ma wuta ya gani da gaske, ya ɗauka ya san inda take ci. Ni ina ma ake hangen Dalar yanzu, benaye da gadojin sama sun tare ko'ina, in hazo ya sauka kuwa ko daga Goron Dutse sai ka ƙura ido.

Malam Bazazzagi:
Ɗan Birni ya fi kusa da yadda aka saba amfani da ita, amma ban ga laifin jan da Goggo ta yi mata ba, kalmar hange ta zauna daidai. Abin da ya fi damuna shi ne ko hangen ma ya fara lalacewa. Da ƙirƙirarriyar basirar nan ana haɗa fuskar mutum da muryarsa ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. A bidiyon gobara aƙalla wutar ta taɓa ci a wani wuri.

Maman Ilham:
To ni dai kada a haɗa min atamfar bogi.

Ɗan Rijiyar Lemo:
Na gode jama'a, na karanta wa 'yan majalisa duka yau da yamma. Dattijon ya ce a gaishe da Tsohon Direba da kyau. Sai dai wata sabuwa ta ɓullo: ƙanena ya ce yaron ya biya shi dubu ukun da ya kashe a shata, zuwa da dawowa. Yaron ya rantse shi ma turo masa aka yi, ya nuna mana alamar kibiya biyu a saman saƙon, wai a je a nemi wanda ya fara. Mai shayi kuma yana bin ƙanena kuɗin shayi da ƙwai biyu da ya bari suka huce.