Me ke hana jirgin lilon katako tashi daga layinsa?

Mai_Tambaya: Jama'a, jirgin lilo, wato jirgin wasa mai ɗaukar mutane yana hawa da gangara a kan layi, irin Cyclone na Amurka, da aka buɗe a 1927, me ke riƙe shi a gangara?

Kafinta: Malam, tayoyinsa kashi uku ne: na sama masu ɗaukar nauyi, na gefe saboda kwana, sai na ƙasa masu kama leɓen layi. Na ƙasan, John Miller, wani mai tsara jiragen lilo, ya yi wa rajistar mallakar ƙirƙira a 1919.

Injiniya: Layin falankai ne jere bisa juna, da siririn ƙarfe a kai. Jirgin ba shi da inji. Sarƙa ke jansa zuwa tudun farko, mai tsayin ƙafa 85 a Cyclone, sauran aikin nauyinsa ne.

Kafinta: Damshi ne abokin gaba. Katako ya kumbura ya bushe, notuna su saki, jirgi ya riƙa jijjiga. Shi ya sa kullum ake bin layin a ƙafa ana ɗaure su.