Muhawara: Marubuci da mage a ɗaki ɗaya, riba ce ko asara?

Maman Hanifa, Birnin Kabi: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ƙara na kawo, kuma ina son a gaya mini gaskiya ko ba za ta yi mini daɗi ba. Kun san da hannu nake fara rubutu, da biro mai ruwa a littafi mai layi, sai na gama babi sannan in kwafe shi a waya. Shekaranjiya bayan sallar asuba na zauna kan tabarma, littafin yana kan ƙaramin teburi, kofin shayi a gefe. Tawada, baƙar magen nan tawa, ta hau ta kwanta daidai kan shafin da nake rubutu, kamar yadda ta saba. Na ɗauke ta na ajiye ƙasa, ta dawo. Na sake ɗauke ta. Karo na uku ba ta hau littafin ba. Ta tsaya gaban kofin, ta kalle ni, ta sa hannu tana tura shi a hankali har ya kife. Babi uku ne ban kwafe ba, aikin mako biyar. Na shanya a rana, shafi 14 suka karantu, sauran rubutun ya narke ya koma shuɗin ruwa.

Ban gama jin zafin wannan ba, jiya ɗanta Goro ya haura katanga ya kashe 'yan shila biyu a akurkin maƙwabcinmu. Surukata ta ce a fitar da su gidan, wai gashin mage yana kawo tarin fuka, ga shi kuma ina cikin wani hali irin namu na mata. Ni matsayina shi ne: ga mai ajiye takardu a ƙasar nan, amfanin mage ya fi ɓarnarta, kuma ba zan rabu da su ba. Wa ke ganin na yi kuskure?

Baban Sadik, Jega: Wa alaikumus salam. Ni nan, ƙanwata, ni ke ganin kin yi kuskure. Ina rubuta waƙa, ina kuma kiwon tantabara tun ina yaro, don haka na san zafin ɓangarori biyun. Kin ce amfani. Wane amfani ya kai babi uku? Mu da munka tashi gidan kiwo, mussa ba dabbar ɗaki ba ce. Wurinta rumbu, ta kama ɓera ta ci, ba ruwanta da shimfiɗar mutane. Ku ne kunka jawo ta kan teburi, kunka raɗa mata suna, kuna ba ta madara, sai ta daina farauta ta koma neman fitina. Shawarata ki sa su a buhu, yaro ya kai su bayan kasuwa wajen mahauta. Ba za su rasa abinci ba.

Maman Hanifa: Yaya, buhu fa ka ce? Tawada a kwali na tsince ta bakin kwata, idonta bai gama buɗewa ba, da sirinji na shayar da ita. Shekararta huɗu a hannuna. Ba ta san rayuwar kasuwa ba, karnuka za su gama da ita cikin kwana biyu.

Malam, Gwandu: Baban Sadik, maganar buhun nan ka janye ta. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim: wata mata ta shiga wuta saboda kyanwa da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Za ka ce ai sakin ta ka ce a yi. To amma dabbar da anka raina a ɗaki tun tana jaririya, a jefa ta inda ba ta iya neman na kanta, ni ina jin tsoron wannan sakin ya yi kusa da wancan kullen.

Batun ta shiga ɗaki kuwa, Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, matar ɗansa Kabsha tana kallo da mamaki. Sai ya gaya mata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawo a tsakaninku. Malik ya ce ba laifi a yi alwala da sauran ruwanta sai in an ga najasa a bakinta. Abu Huraira ma, wanda ya fi kowa ruwaito hadisi, sunan da duniya ta san shi da shi daga 'yar kyanwar da yake ɗauke da ita ya samo shi.

Baban Sadik: Allah ya gafarta Malam, ban ce najasa ce ba. Cewa na yi ɓarauniya ce. Mai tantabarun nan shi ma yana da haƙƙi. Kun san wahalar da ake sha kafin a ga 'yan shila? Kwana 18 uwa da uba suna karɓa-karɓa kan ƙwai biyu kacal. Muzuru ya zo ya gama da su cikin minti ɗaya, sannan mai shi ta zo nan tana neman a ba ta gaskiya.

Malam: Nan kam gaskiya tana hannunka, kuma ba a yau anka fara wagga rigima ba. A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, an yi wani mawaƙi makaho, Ibnul Allaf, ya rasu wajen shekara ta 318 bayan hijira. Yana da muzuru da ya shaƙu da shi, muzurun ya riƙa shiga ɗakunan tantabarun maƙwabta yana cin 'yan shila, har sunka kama shi sunka kashe. Ya yi masa marsiyya doguwa wadda Ibnu Khallikan ya kawo a littafinsa na tarihin manyan mutane. A cikinta yana kuka, yana kuma zargin muzurun da kwaɗayin da ya kai shi ga halaka. Wasu ma sun ce da wani babban mutum yake, ya ɓoye shi cikin muzuru don tsoron hukuma. Ɗiyata, ki dubi ƙarshen wancan muzuru. In ba ki gyara tsakaninki da maƙwabci ba, Goro zai ci guba wata rana. Ki tafi ki biya, tun kafin ki kare magenki a nan.

Anti Nas, Yauri: Bari in shigo kan maganar surukarki, don ita ce ta fi damuna, shekarata 19 a ɗakin haihuwa. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda Robert Koch ya gano a 1882, kuma daga tarin mai ɗauke da ita take shiga wani ta iska. Gashin mage ba ya haifar da shi. Abin da yake gaskiya shi ne wasu jikinsu ba ya jituwa da wani sinadari da ke cikin yawun mage da fatarta. Tana lasar jiki, ya bushe a gashin, mai asma ya shaƙa, ƙirjinsa ya toshe. In a gidanki babu mai atishawa, ƙaiƙayin ido ko shaƙewar numfashi cikin shekara huɗun nan, wannan ba matsalarku ba ce.

Amma kada ki yi saurin murna, ƙanwata. Ga mai juna biyu akwai cutar da ake kira tokzoplazma, tana cikin kashin mage, musamman magen da ke cin ɓera da tsuntsu ɗanye, irin Goro. In mace ta kamu da ita karo na farko tana da ciki, tana iya taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri, ko ta jawo ɓari. Sauƙin abin, ƙwan cutar ba ya iya kama mutum sai kashin ya yi kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa. To a riƙa kwashewa kullum, kuma ba ke za ki kwashe ba, har ki sauka lafiya. Ki wanke hannu da sabulu bayan kin taɓa ƙasar tsakar gida, ki wanke latas da tumatir sosai, ki guji tsiren da cikinsa bai gasu ba, don nama ma hanya ce babba. Ki kuma gaya wa ma'aikaciyar awo kina da mage.

Maman Hanifa: Anti, Allah ya saka da alheri. Wallahi na ɗauka duk maganar Hajiya camfi ce, ashe akwai inda tsoronta yake da tushe. Zan zauna da ita in karanta mata wannan yadda kika rubuta shi.

Auta, ɗalibi a Aliero: Ni dai ina bayan Anti Maman Hanifa. Manyan marubutan duniya da mage suka zauna. Ernest Hemingway na Amurka, wanda ya ci kyautar Nobel a 1954, gidan da ya zauna a Key West yanzu gidan tarihi ne, maguna sama da 50 ke yawo a ciki, da yawansu masu yatsu shida. Mutane na biyan kuɗi su je kallo.

Baban Sadik: Auta, gidan nan da kake faɗi yana da ma'aikata da likita da kuɗin abinci. Ita ɗaki biyu da tsakar gida gare ta, katanga ɗaya da mai tantabara. Kuma kyautar da anka ba shi, don rubutunsa anka ba shi. Ka kawo mini hujja daga ƙasar nan.

Malam: To ga ta daga ƙasar nan, daga ɗakin mahaifina. Kun san Gwandu garin takarda ne tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kusan duk tsohon gidan malamai akwai gafaka cike da rubutun hannu. Mahaifinmu yana da wata jar kyanwa da ke kwana a zauren karatunsa. Ta mutu da kaka, ba a sake kawo wata ba, shi kuma ciwo ya kwantar da shi. Bayan wata bakwai na buɗe akwatin. Ɓera ya huda gafaka biyu ta gindi, ya yi sheƙa da sharhin Ishiriniya da kakanmu ya kwafa da hannunsa, har 'ya'ya ya zuba a ciki, jajaye ba gashi. Na tsince guntayen takardar da yatsa, kowane bai wuce farce ba, a wani ka ga rabin harafi da jan wasali. Na yi kuka ranar. Ke shayi ya ci miki mako biyar, kuma labarin yana kanki, za ki sake rubutawa. Ni wanda ya rubuta nawa ya shekara 60 a kabari. Sai dai in faɗi gaskiya, kyanwa ba ta maganin gara, ba ta maganin danshi. Ɓera kawai take tsarewa.

Anti Nas: Ɓeran ma ba ƙaramin abu ba ne. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, daga fitsari da kashin wani irin ɓera yake shiga abinci, kuma da rani ya fi tashi. Cikin shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan rufe hatsi da nisanta shara, har da ajiye mage. Mu da ke shanya shinkafa da kifi a fili mun san yawan ɓeran da muke fama da shi.

Dakta, likitan dabbobi, Birnin Kabi: Na jima ina karantawa. Hajiya, Tawada ba mugunta ta yi miki ba. Mage ta fi kuzari da asuba da magariba, lokacin da ɓera ke fita. Kin zaɓi daidai wannan lokacin kin kafa ido kan takarda. Ta gane cewa in ta kwanta a littafin kina taɓa ta, in ta tura abu kina tashi. Kafin ki zauna, ki ɗaura tsumma a igiya ki ja mata minti goma ta yi ta kamu, sannan ki ba ta abinci. Ki ajiye kwali ƙarami a gefen teburin, za ta fi son shi a kan littafin. Shayi kuma a kofi mai murfi.

Goro muzuru ne da ya balaga, yawo da haura katanga jininsa ne. Fiɗiya tana rage yawon da fitsarin da yake fesawa a bango, amma ba ta cire masa farauta. Tawada ma, cikin mage kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, sai ki yi tunanin inda za ki kai 'ya'yan. A kawo su duka a yi musu allurar haukan kare da maganin tsutsa. Kusan duk masu kamuwa da ciwon daga kare suke samu, amma mage ma tana ɗauka. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ya wuce asibiti.

Baban Sadik: Kun ji ko? Allura, maganin tsutsa, fiɗiya, kwali, wasa minti goma. Wanga hidima duk kafin a rubuta layi ɗaya. Malam, fiɗiyar ma ta halatta?

Malam: Malamai sun yi saɓani. Akwai waɗanda sunka ƙi, akwai waɗanda sunka yarda in don kauce wa cuta ne kuma ba a azabtar da dabbar ba. Da allurar kashe zafi likita ke yi yanzu, ni hankalina ya fi kwanciya da masu yarda.

Maman Hanifa: Yaya, hidimar da ka lissafa gaskiya ce, kuma ni ce ban yi ta ba. Amma akwai abin da ba ka lissafa ba. Rubutu aikin kaɗaici ne. Maigida yana Legas wata uku-uku, yara na barci, wuta ta ɗauke, ni da fitilar caji. Lokacin da na rubuta babin mutuwar uwar jarumata, bayan rasuwar tawa uwar da wata biyu, hannuna rawa yake. Tawada ta zo ta kwanta a cinyata tana gurnani har gari ya waye, a haka na kai ƙarshen babin. Ba zan iya sa wannan a buhu ba.

Yanzu na dawo daga gidan maƙwabcin, tare da ƙanin maigida. Ya ƙi karɓar kuɗi. Ya ce in dai da gaske muke, mu sa wa akurkin waya, don ba Goro kaɗai ke zuwa ba.

Baban Sadik: Mutumin kirki ne. Ni dai ban sauya ba, mussa a rumbu ta dace, kuma babinki na gaba ki riƙa ɗaukar hoton kowane shafi da waya kafin ki tashi. Kada kuma ki tsaya kan wayar akurki kaɗai, tunda ya ƙi kuɗi. Ranar kasuwar Jega zan zaɓo 'yan shila biyu daga nawa in ba direba ya kawo miki tasha, ki kai masa da hannunki. Ki gaya wa kafinta ya sa waya mai ƙananan ramuka wadda hannun mussa ba ya shiga, ya rufe har saman, ya kuma ɗaga akurkin daga jikin katanga, don ta nan yake dirowa.