Bayan Hakeem, wa ke biye a tarihin Houston Rockets?

Dogon Fagge:
Assalamu alaikum. A tarihin Rockets, ƙungiyar ƙwallon kwando ta birnin Houston da ke buga gasar NBA ta Amurka, ba ni da ja a kan na ɗaya, Hakeem Olajuwon ne. Kofi biyu kacal ƙungiyar ta taɓa ɗauka, 1994 da 1995, kuma duka shi ya kawo su. Rigimar a kan na biyu take. Ƙanena ya dage James Harden ne, ni kuma zuciyata na kan Moses Malone. Moses ya zama gwarzon ɗan wasan NBA sau biyu a Houston, 1979 da 1982. A 1981 ya ja ƙungiyar da ta ci wasa 40 ta sha kashi a 42 har zuwa wasan ƙarshe, inda Boston Celtics suka tare su. Harden shekara takwas da ɗoriya ya yi a garin, bai taɓa kai su nan ba. To a kan me za a ɗora shi sama da Moses?

Abba_Kwando:
Yaya Dogo, da girmamawa, ba ka yi wa Harden adalci ba. Shi ya fi kowa zura maki a NBA kaka uku a jere, 2018, 2019 da 2020, har a ta tsakiyar yana cin maki 36 a kowane wasa idan aka raba. A 2018 sun ci wasa 65, abin da ko zamanin Hakeem ba a yi ba. Kuma dubi wa ya tare masa hanya: Golden State mai Curry da Durant da Klay Thompson. Rockets suna gaba da wasa 3 da 2 ɗan wasansu Chris Paul ya ji ciwo a cinya. A wasa na bakwai, na raba gardama, suka yi jifan maki uku sau 27 a jere ko ɗaya bai shiga ba. Har yau idan na tuna daren nan raina ɓaci yake. Moses kuwa ai kofinsa a Philadelphia ya ɗauka a 1983, ba a Houston ba.

Malam Na Zariya:
Abba, lissafinka daidai ne, sai dai ni abin da ke tsaya mini a kan Harden shi ne yadda ya bar garin. A farkon 2021 ya matsa lamba sai da aka tura shi Brooklyn, ya bar ƙungiyar tana shekaru a ƙasan tebur. Wannan ma yana cikin abin da mutum ya bari.

Amma bari in koma kan Hakeem, don matasa da yawa suna cewa ya ci kofunansa ne saboda Michael Jordan na Chicago Bulls ya ajiye wasa a lokacin. Jordan ya dawo a watan Maris na 1995, kuma Orlando Magic ta Shaquille O'Neal ce ta fitar da Chicago a shekarar. Ita wannan Orlandon ce Hakeem ya share wasa 4 da babu a zagayen ƙarshe. Kafin nan ya gamu da David Robinson na San Antonio Spurs, wanda aka ba kyautar gwarzon shekara, ya yi ta juya shi a ƙarƙashin kwando da wannan kaɗa kafaɗar tasa, Robinson ya yi tsalle shi kuma ya riga ya bi ta ɗaya gefen. A matsayi na shida Rockets suka shiga zagayen fitar da gwani daga yamma. A Fabrairun shekarar, cikin watan azumi, Hakeem yana buga wasa da azumi a bakinsa, aka zaɓe shi gwarzon wata. Yaron Legas da ya fara da tsaron raga a ƙwallon ƙafa, shi ne har yanzu ke riƙe da tarihin tare ƙwallo a NBA, sau 3,830. Abu ɗaya da ke ci mini rai shi ne Amurka ya buga wa a gasar Olamfik ta 1996.

Na biyu a wurina Moses ne. Na bi bayanka, Dogo.

Hajiya Mai Lamba 11:
Ku maza kun manta da Yao Ming gaba ɗaya. Na san bai ci kofi ba, kuma raunin ƙafa ya sa ya yi ritaya a 2011 yana da shekara 30. Amma daga 2002 da Houston ta ɗauke shi a zaɓin farko, miliyoyin mutanen Sin suka koma kallon Rockets saboda shi, har ƙungiyar ta rataye lambar rigarsa don girmama shi. Ba na cewa ya fi Moses iya wasa. Idan ana maganar wanda ya buɗe wa ƙungiyar ƙofar duniya, a sa shi a lissafi.

Dogon Fagge:
Hajiya, na karɓa, Yao ya shiga huɗun farko a wurina. Abba, ga tambayata gare ka: a wasa na shida da San Antonio a 2017, babu tauraronsu Kawhi Leonard, a gidan Houston, Harden maki 10 ya ci aka fitar da su. Wa ya ji ciwo ranar?